Birkin Hannu a Hanyar Baure

Ja'afaru bai taɓa jin tsoron babur ba sai ranar da aka ce ya je Daura ya ɗauko mahaifiyarsa daga asibiti. Magidanci ne da ya haura arba'in, kuma kusan rabin rayuwarsa a kan babur ya yi ta, yana ratsa yashin da ke tsakanin ƙauyensu da Baure, yau da buhunan gero, gobe da awaki a ɗaure. Kowa ya san shi da iya yashi. Inda samari ke zuwa su kafe suna ta dogara ƙafa suna zufa, shi sai ya rage iskar tayoyinsa kaɗan, ya ja jiki baya, ya wuce su yana yi musu sannu. Kwalta ce dai bai saba da ita ba, don ko Baure ya shiga, daga bakin kasuwa yake juyawa.

Aikin yanar ido aka yi wa Inna, a idon dama. Na hagun ma ya daɗe da rufewa, haske da inuwa kawai take bambancewa da shi, likita kuma ya ce wannan sai dai a yi haƙuri. Ke nan duk ganin da ya rage mata a duniya yana ƙarƙashin bandejin nan. Ƙaninsa Mansur ne ya kai ta, shi ne kuma ya kamata ya dawo da ita, sai ga shi ya kora shanu kasuwar Mashi bai samu dawowa ba. Mota kuwa ba a ma kawo zancenta. Inna ko warin fetur ta ji a cikin mota sai amai, ga shi an gargaɗe su cewa yunƙurin amai na iya ɓata aikin.

Ga kuma wata matsalar da ba wanda zai faɗa da baki, ko da yake duk gidan an san ta. Ja'afaru ɗan fari ne. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, Inna kuma ta riƙe kunyarta irin ta mutanen da, riƙo na gaske. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ta so ambatonsa sai ta ce "wancan", ko "mai babur ɗin nan". Yana zaune a gabanta za ta juya wajen ƙanwarsa ta ce, "Fadila, tambaye shi ko an gyara dangar nan." Mansur kuwa har kunne take ja masa, a bayan babur ɗinsa ta riƙe shi tamau suna tafe suna faɗa. Ja'afaru bai taɓa riƙe wannan a zuciya ba, ya san haka aka yi ta. Shi dai bai iya tuna ranar da hannunta ya taɓa jikinsa ba.

Da ya shigo Daura da hantsi sai ya tsaya wurin wani mai faci a gindin dalbejiya don a ƙara wa tayoyin iska. Mai facin, Abdulbaƙi, irin mutanen nan ne da ba sa iya ganin abu su kau da kai. Yana gama bugun iska sai ya kai hannu ya matsa birkin hannu. Ƙarfen ya tafi luu har ya taɓa robar mariƙi, tayar gaba ko gezau.

"Malam, ina birkinka na gaba?"

"Yana nan. Kwance shi na yi."

"Kwance shi ka yi! Daga wane gari?"

"Can bayan Baure."

"Ai na sani," in ji Abdulbaƙi. "Duk wanda ya zo mini da birkin hannu a kwance, daga yashi ya fito."

Gaskiyarsa ne kuwa. A ƙauyen su Ja'afaru, ranar da mutum ya sayo sabon babur, tun bai cire ledar kujera ba yake ɗauko sifana ya sassauta birkin gaba. Suna da hujjarsu. A cikin yashi, in ka kuskura ka taɓa shi, tayar gaba nutsewa take yi, sai dai a tsince ka a can gefe kana tofar da ƙasa. Don haka uba ke gaya wa ɗa, wa ke gaya wa ƙane, cewa birki na ƙafa ne, wancan na hannun kuwa masu ƙera babur sun sa shi ne don kwalliya.

Abdulbaƙi ya durƙusa ya fara ɗaure notin ba tare da ya nemi izini ba. "Bari in gaya maka, Malam. A kwalta, da ka taɓa birki duk nauyi gaba yake komawa. Tayar baya sai ta yi sakayau, ba ta da abin da za ta kama ƙasa da shi. Ka danne ta da ƙarfi ta daina juyawa, sai ta fara ja, gindin babur ya nemi ya riga kai wucewa. Balle taka da zanenta ya fara suɗewa. Ta gaba ce ke tsayar da babur."

"Ta gaba ce ke kayar da mutum," in ji Ja'afaru.

"In ka cafke ta. Ba cafka ake yi ba. Ka taɓa tatsar saniya?"

"Haba, ina za a yi ban taɓa ba."

"To haka ake yi. Ka fara a hankali, ka ji ta karɓa, sannan ka yi ta ƙara matsi. Ƙafa kuma ta taimaka kaɗan. Kuma babur yana miƙe, kada ka matsa kana cikin kwana." Ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda hadari ya fara haɗa baƙi. "Ka ga wancan? Tun bara kwaltar nan ke shan baƙin mai. Yayyafin farko yana sauka duk zai taso, hanya ta zama kamar miyar kuɓewa. Gara ma mamako, shi wanke ta yake yi. Kaya za ka ɗauka ko mutum?"

Ja'afaru ya gaya masa. Sai mai facin ya daina wasa.

"Allah ya ba ta lafiya. To ta matso jikinka sosai, ta riƙe ka da hannu biyu. Wanda ya bar fili tsakaninku, ranar da ka ja birki fuskarsa ce za ta fara isowa bayanka."

Ja'afaru ya tuna kunyar Inna. Ya yi godiya ya tura babur ɗinsa, bai tsaya yin bayani ba, don ba abin da ake yi wa baƙo bayani ba ne.

Ya samu wani layi mai kwalta da ba mutane sosai, ya ce bari ya gwada. Gwajin farko ya cafke, kamar yadda aka ce kada ya yi. Kan babur ya sunkuya ƙasa, shi ya tafi gaba, takalminsa ɗaya ya fice, wata mai suyar awara ta tuntsire da dariya har tana riƙe ciki. Ya ɗauki takalminsa bai dube ta ba. Na biyu ya ɗan fi. Can wajen gwaji na nawa ne, sai ya ji abin da mai facin ke nufi: ya matsa a hankali, tayar ta karɓa, ya ƙara, babur ya tsaya cak a tazarar da bai taɓa tsayawa ba. Amma abin bai kwantar masa da hankali ba. Ya lura duk sanda bai tuna ba, ƙafarsa ce ke rigan hannunsa, yatsun kuwa suna can a naɗe jikin roba ba ruwansu.

A asibiti ya tarar an riga an sallame su. Inna na zaune a baranda cikin shuɗin hijabi, farin bandeji ya rufe rabin fuskarta, ta ƙanƙance kamar ba ita ba. Fadila, wadda ta yi jinyarta, tana ɗaure tabarma da kwanuka ga jaririnta a baya. Malamar asibiti ta tare shi ta sake jero masa dokokin: kada ruwa ya shiga idon, kada ta sunkuya, kada komai ya buge shi, ko da hannun jika ne.

"Ko kaɗan, Malam. Bugu ɗaya ya isa ya mayar da mu baya, kuma ba kowane baya ake dawowa daga gare shi ba."

Ya durƙusa ya gaida Inna. Ta amsa tana fuskantar wani gefen. Sai ya ja Fadila gefe, ita da za ta bi mota da kayan, ya roƙe ta ta gaya wa Inna ta riƙe shi a hanya. Fadila ta je ta faɗa.

"Ce masa ƙarfen bayan nan ya ishe ni," in ji Inna.

"Inna, mai faci ne ya ce..."

"Mai facin ne ya haife ni?"

Fadila ta dawo tana danne dariya. "Yaya, ka san halinta. Ka dai bi a sannu."

Haka suka kama hanya bayan azahar. Inna ta zauna can ƙarshen kujera, hannayenta biyu a baya sun damƙe ƙarfen ɗaurin kaya, tsakaninta da shi filin da za a iya ajiye ƙwaryar fura. Yana jin filin nan a gadon bayansa kamar sanyi. Cikin gari ya bi a hankali har masu keke na wuce shi, masu adaidaita na yi masa ham. Duk wanda ya gifta, duk akuyar da ta ɗaga kai a bakin hanya, sai ya ƙara rage gudu. Ya ɗora yatsu biyu a kan birkin hannu yana ta tuna musu aikinsu.

Sun wuce Sandamu ke nan iska ta juya. Ta zo da sanyi da ƙamshin ƙasa, irin ƙamshin da a kowace shekara yake sa shi murna har ya fara lissafin iri. Yau kuwa da ya shaƙe shi sai gargaɗin mai faci ya faɗo masa. Ɗigo ya faɗo a hannunsa, wani a goshi. Ya tsaya, ya ciro ledar da ya zo da ita ya miƙa baya.

"Inna, a rufe idon da wannan, a ja hijabi a kai."

Ta karɓa ta yi yadda ya ce. Ya duba gaba ya duba baya. Gonaki ne share-share ko'ina, an gyara su ana jiran shuka, ba rumfa, ba bukka, ba ko inuwar kirki. In ya tsaya ruwa zai same su a fili ya jiƙa bandejin. In ya tafi, ga kwalta ta fara ƙyalli. Ya yi bisimilla ya tafi.

Yayyafin bai yi ƙarfi ba, bai kuma tsaya ba, daidai irin wanda aka ce masa ya fi mugunta. Yana jin babur ɗin ya canza hali a ƙarƙashinsa, ya yi sauƙi, kamar ba ya taka ƙasa sosai. Ya rage gudu. Sai ga wani rami a tsakiyar hanya, ruwa ya fara rufe bakinsa, bai gan shi ba sai da ya zo dab. Kafin ya yi tunani ƙafarsa ta danna. Tayar baya ta yi ƙiii, gindin babur ya zame hagu, ya saki, ya dawo da shi da ƙyar yana dogara ƙafa. A cikin wannan ne ya ji wani abu ya bugi kafaɗarsa ta dama, ƙum.

"Wash," in ji Inna, a hankali.

Ya tsayar da babur a bakin hanya kusa da wata aduwa da ba ta tare komai. Ya sauka ya leƙa ƙarƙashin hijabin.

"Ina ne? Inna, ina ya bugu?"

Ta nuna goshinta, sama da bandejin kaɗan, wurin har ya fara tasawa. Ya dubi tazarar da ke tsakanin kumburin da idon. Ba ta kai faɗin yatsu biyu ba.

"A tafi," in ji ta, tana magana da iska kamar yadda ta saba. "Ruwa zai jiƙa mutane."

Bai motsa ba. Tsoro ne ya cika shi, tsoron da bai taɓa jin irinsa ba, har da haushi a ciki, haushin kansa da na ƙafarsa da na wannan kunya da ta girme shi. Tun da yake bai taɓa yi mata musu ba. Yau kuwa maganar ta fito da kanta.

"Inna, ba zan tayar da babur ɗin nan ba sai kin riƙe ni."

Ruwa na sauka a kan hularsa yana gangarowa ta wuya.

"Da ƙasa kaɗan ne, da idon ne. In idon nan ya lalace a hannuna, ina zan sa kaina? Da wane ido zan dubi su Mansur? Wallahi tsoro nake ji, Inna. Hanyar nan ban iya ta ba, yau na fara koyon birkinta. Zan sake ja, ban san inda zan ja ba. Ki yi mini rai ki matso." Ya ji kunya, ya ƙarasa duk da haka. "Ke kika haife ni. Ni ba wani ba ne."

Ya fara zaton ya yi laifin da ba zai gyaru ba. Can ta ce, "Akwai mutane a hanyar?"

Ya duba. "Ba kowa."

"To a hau."

Ya hau. Ya ji ta tana matsowa kaɗan kaɗan, kujera na motsi, har filin ya rufe. Hannayenta suka zagayo ta gefensa, da farko yatsu kawai a kan riga, sannan suka haɗu a cikinsa suka sarƙe. Ta juya fuskarta ta kwantar da kuncin hagu a bayansa, idon da aka yi wa aiki yana waje ƙarƙashin leda da hijabi. Hannayen sirara ne, masu sanyi. Ya tayar da babur bai yarda ya yi tunanin komai ba sai hanya.

Yanzu nauyinsu ya zama ɗaya, babur ɗin ma ya fi natsuwa. Ya bar gudu a ƙasa, ya guji tsakiyar hanya inda baƙin mai ya fi taruwa, ya bi sawun da tayoyin motoci suka share. Yatsunsa biyu na kan birki. Yana ta maimaitawa a ransa, hannu tukuna, hannu tukuna, har abin ya zame masa kamar tasbihi.

Ba su yi nisa sosai ba, a wata 'yar gangara, amalanken shanu ya fito daga hanyar gona. Mai shi ya kai taki ne ruwa ya kama shi, ya lulluɓe kansa da buhu yana ta kora shanun da sanda, bai dubi hagu ba bai dubi dama ba. Bijimai biyu da amalanke suka gindaya wa hanya gaba ɗaya. Ba wurin kaucewa, gefen hanya kwari ne.

Ƙafarsa ta ɗaga za ta danna. Ya ji ta, ya riƙe ta da dukkan abin da yake da shi. Yatsunsa suka matsa a hankali. Ya ji tayar gaba ta karɓa, kan babur ya ɗan sunkuya, nauyin Inna ya taho ya kwanta a bayansa gaba ɗaya ba tare da bugu ba. Ya ƙara matsi. Ya bar ƙafa ta taɓa kaɗan. Cikin bijimin na kusa yana ta girma a idonsa, har yana ganin ruwa na bin gashinsa. Tayar baya ta yi 'yar rawa, ya sassauta ƙafa, ta dawo. Ya ƙara matsa hannu, ya ƙara, yana salati da ƙarfi bai ma sani ba. Babur ya tsaya. Da ya miƙa hannu da ya taɓa ƙahon.

Mai amalanken ya yaye buhu ya zaro ido. "Subhanallahi! Malam, ka yi haƙuri, wallahi ban gan ka ba."

Ja'afaru ya ɗaga masa hannu kawai. Ya waiwaya baya.

"Inna?"

"Lafiya lau."

"Idon fa?"

"Ba abin da ya taɓa shi."

Ya sunkuyar da kai a kan tankin mai ya yi ta sauke numfashi. Hannayenta na nan inda suke, sun ma ƙara damƙewa, har yana jin bugun zuciyarta a bayansa.

Kafin su kai Baure yayyafin ya ɗauke, hadarin ya yi yamma da ruwansa. A inda kwalta ta ƙare hanyar yashi ta fara, ya tsaya ya taimaka mata ta sauka. Ya ɗaga ledar da kansa ya duba. Bandejin a bushe yake, fari fat, ba jini ba danshi. Sai a lokacin ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa, ya yi hamdala a fili. Ya tsuguna ya rage iskar tayoyin da tsinke, ya latsa su da babban yatsa har suka yi yadda yake so.

Da suka sake hawa ya ce, "Daga nan yashi ne, Inna. Nan kam na iya. Kuma za mu fara haɗuwa da mutanen gari. Kina iya komawa ki riƙe ƙarfenki."

Ba ta koma ba. Hannayen suka sake zagayowa, suka tsaya a kan haƙarƙarinsa, suna lalube a hankali kamar yadda take lalube ƙwarya in tana neman tsaga.

"Ashe haka ka rame?" in ji ta. "Ba ka cin abinci ne?"

Ya buga babur ya tashi, suka shiga yashi a giyar farko, ya daɗe bai canza ta ba.